Yadda ake sayen tsohon gidan ƙauye da aka gyara a Ingila, mai ƙaramin gida da lambu a harabarsa

'Yan uwanmu da aiki ya zaunar a Ingila, musamman likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a, da yawa sun kai lokacin da suke son barin haya a cikin gari su mallaki nasu. Daga cikinsu akwai waɗanda idonsu ke faɗawa kan tsofaffin gidajen ƙauye: gini mai shekara ɗari biyu ko uku, an gyara shi tsaf, ga wani ƙaramin gida a gefe da zai ɗauki baƙi ko iyaye idan sun zo, ga lambu da itatuwan tuffa. Gidaje ne masu kyau, kuma ba na hana kowa. Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne, a irin wannan gida tsufan ginin ba shi ne abin tsoro ba. Gyaran da aka yi masa shi ne abin bincike: wa ya yi, da me aka yi, kuma da izinin wa. Duk abin da ke ƙasa ya shafi Ingila ne kawai, domin Scotland tsarinta na ciniki daban ne.

Mataki na farko: ka san matsayin gidan a wurin hukuma tun kafin ka je ganinsa

Hukumar Historic England tana riƙe da rajistar gine-ginen tarihi, kuma kowa na iya duba ta kyauta a intanet da adireshin gida ko lambar unguwa. Kusan duk ginin da aka yi kafin 1700 wanda bai sauya kama sosai ba yana ciki, haka ma mafi yawan waɗanda aka gina tsakanin 1700 da 1850. Daraja uku ce: ta I, ta II mai tauraro, da ta II. Sama da kashi 90 cikin ɗari suna ta II, kuma mai yiwuwa gidan da kake kallo can yake.

Idan gida yana cikin rajistar, dokar 1990 ta gine-ginen tarihi ta rufe shi gaba ɗaya, ciki da waje. Mutane da yawa suna zaton fuskar gidan kawai aka kare. Ba haka ba ne. Matakalar bene, murhu, ƙofofin ciki, tsohon daɓe, tagogi, duk ba a sauya su sai da izinin ƙaramar hukuma. Kuma kariyar tana iya kaiwa ga abin da ke cikin harabar tun kafin 1 ga Yuli 1948, wato ƙaramin gidan nan da katangar lambun da tsohon rumbu, ko da ba a ambace su a rajista ba.

Ka kuma duba shafin ƙaramar hukumar ko ƙauyen yana cikin yankin da aka keɓe don kiyaye kamanninsa. Sannan ka buɗe taswirar ambaliya ta gwamnati. Tsofaffin ƙauyuka da yawa a bakin rafi aka kafa su.

Mataki na biyu: tarihin gyaran

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Kowace ƙaramar hukuma tana da shafin da ake ganin takardun neman izinin gini na kowane adireshi. Ka fitar da duk abin da aka taɓa nema wa gidan, ka ajiye a gefe. Sai ka ɗauko hotunan dillali, idan ma ka samu hotunan lokacin da aka sayar da gidan a baya ka haɗa da su, ka riƙa gwada su ɗaki bayan ɗaki. An rushe bango tsakanin kicin da falo? An buɗe sabuwar ƙofa zuwa lambu? An mayar da saman silin ɗakin kwana? An cire tagogin katako an sa na roba? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kamata ka ga takardar izininsa. In babu, ka rubuta shi, tambaya ce da mai gida zai amsa ta hannun lauya.

Dalilin wannan naci shi ne, taɓa ginin tarihi ba da izini ba laifi ne da zai iya kai mutum ga tara ko ɗaurin da ya kai shekara biyu. Ba za a hukunta ka kan laifin wani ba, amma hukuma tana da ikon umartar wanda gidan ke hannunsa yanzu ya mayar da komai yadda yake, da kuɗinsa. Kuma wannan iko ba ya tsufa. Tagar robar da wani ya sa shekara ashirin da suka wuce, ranar da ka karɓi makulli ta zama taka, tare da kuɗin cire ta da sassaƙa ta katako irin ta da.

Izinin ginin tarihi daban yake da takardar shaidar cewa aiki ya cika ƙa'idar gini. Duka biyun za ka nema. Sabbin wayoyin lantarki, murhun itace, tukunyar ɗumama gida, kowanne yana da takardarsa. Mai gidan da ya yi gyara da gaskiya yakan fito maka da fayil guda: izini, zane, rasit, sunayen magina, har da hotunan bango kafin a rufe shi. Wanda ya ce takardun sun ɓata, ka ƙara buɗe ido.

Wani abu kuma da ya kamata ka kiyaye: idan ka gano aikin da babu izininsa, kada ka yi gaggawar kiran ƙaramar hukuma ka ba su adireshin. Ka fara magana da lauyanka. Akwai inshorar da akan saya don irin wannan giɓi, kuma kamfanoni ba sa bayar da ita idan an riga an sanar da hukuma. A ganina ma inshorar ba ta kai gyara ba, domin ba ta halatta aikin ba. Abin da ya fi shi ne mai sayarwa ya nemi izinin da kansa kafin a ƙulla ciniki, ko ya rage farashi daidai kuɗin gyaran.

Mataki na uku: zuwa da kanka, kuma ba sau ɗaya ba

Gani ya kori ji. Hotunan dillali a watan Yuni ake ɗaukarsu, lokacin da furanni suka buɗe. Kai kuma ka yi ƙoƙarin komawa ranar da ake ruwa, in da hali cikin hunturu, sa'ad da duhu ke shiga tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ka tsaya a waje ka kalli inda ruwan rufi ke zuba. Indararo yana ɗiga a jikin bango? Ƙasar lambu ko daɓen tsakar gida sun fi daɓen ciki tsawo? Wannan kaɗai yana jawo danshi.

Tsofaffin gidajen nan bangonsu guda ne mai kauri, babu sarari a tsakiyarsa kamar na ginin zamani. An gina su da dutse ko jan bulo ko katako, an haɗa da farar ƙasar gini da ake samu daga ƙona dutsen alli, wadda magina ke kira layim. Ita tana shan danshi ta kuma sake shi. A yankin Devon ma dubban gidaje ginin ƙasa ne zalla, laka da ƙaran alkama aka cuɗa aka ɗora a kan harsashin dutse, aka rufa musu jinka mai faɗin baki. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da ke faruwa idan aka yaɓa wa bangon siminti: shekarar farko ya yi kyau, daga nan ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye har wata rana filastar ta zubo da rabin bango. Abin da ke faruwa a can ke nan, kuma an yi wa gidaje masu yawa wannan aika-aika da sunan gyara, musamman daga shekarun 1950 zuwa gaba.

Don haka ka matsa kusa da bango. Ka dubi abin da ke tsakanin duwatsu. Layim fari ne ko ruwan madara, yana da ɗan laushi, idan ka karce shi da makulli zai bar gari. Siminti toka-toka ne, mai tauri, kuma sau da yawa za ka ga dutsen da ke kewaye da shi ne yake cinyewa, shi kuwa yana tsaye. Ka ƙwanƙwasa filasta da bayan yatsa: inda ta yi ƙarar fanko ta rabu da bango. A ciki ka shinshina ɗakin da ke rufe, ka leƙa bayan kabad, ka taɓa ƙasan bango. Sabon fenti a ƙasan bango kawai, sama kuwa tsoho, alama ce da ke buƙatar bayani.

Ka roƙi a buɗe maka saman silin ka haska da fitila. A kan manyan katakon rufi za ka ga ƙananan ramukan ƙwari. Kusan kowane tsohon gida yana da su, kuma yawancinsu na da ne. Wanda za ka damu da shi shi ne ramin da bakinsa ke da haske, ga sabon garin katako a ƙarƙashinsa. Idan ka ga kashin jemage ka sanar da safiyo, wato masanin da zai duba maka lafiyar ginin, domin doka ta kare jemagu a Ingila, ba a korarsu ba a toshe mafakarsu, kuma hakan na iya jinkirta duk aikin rufi.

Idan rufin jinka ne, ka tambayi shekarar da aka yi baibaya ta ƙarshe da irin ciyawar da aka sa. Doron jinkar yakan so sabuntawa duk shekara 10 zuwa 15, jikin kuwa ya fi haka daɗewa, kuma na ƙaran fadama ya fi na ƙaran alkama ƙarko. Ka tambayi ko an sa wa bututun hayaƙi riga ta ciki da kuma yaushe aka share shi, domin yawan gobarar jinka daga nan take tashi.

Kada ka bar ƙauyen ba ka auna zaman kansa ba. Bas nawa ke wucewa a rana, ina makaranta, yaya ƙarfin intanet, minti nawa zuwa wurin aiki, zuwa masallacin Juma'a, zuwa shagon naman halal. Mai zama a ƙauyen Devon, alal misali, yana iya samun kansa yana tuƙi har Exeter don Juma'a. Ka kai iyalinka su gani kafin ka yi nisa.

Mataki na huɗu: ƙaramin gidan

Shi ne ya fi jan hankali, shi ne kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Tambaya ta farko: a takardar mallaka ɗaya yake da babban gidan ko tasa daban? Ta biyu: da wane sharaɗi aka yarda a zauna a cikinsa? Sau da yawa tsohon barga ne ko rumbu aka mayar gida, kuma izinin ya ce sai dai ya zama ɓangare na babban gidan, ba za a ba da shi haya ko a sayar da shi shi kaɗai ba. Idan ka yi lissafin cewa hayarsa ce za ta taimaka maka biyan bashi, ka karanta wannan sharaɗin kafin ka taya.

Ka tambaya ko yana da nasa harajin ƙaramar hukuma. Idan ɓangare ne na gidan kuma iyali ke amfani da shi, ana rage rabi. Idan dattijon da ke ƙarƙashin kulawarka ne a ciki, mai shekara 65 ko fiye, ko mai naƙasa, ana iya yafewa gaba ɗaya. Idan kuwa an ɗauke shi gida na biyu, tun Afrilun 2025 ƙananan hukumomi suna da ikon ninka harajin. Ka duba mitar wuta da ta ruwa, haɗe suke ko rabe. In akwai ɗan haya a ciki, lauyanka ya tabbatar a rubuce ko zai fita kafin ranar miƙa gida.

Mataki na biyar: lambu da iyaka

Da fam 7 za ka sauke takardar mallaka daga HM Land Registry, ofishin rajistar filaye da gidaje na gwamnati, da wata fam 7 ka sauke taswirarta. Ka buga taswirar ka zagaya lambun da ita a hannu. Jan layin da ke kanta iyaka ce ta gaba ɗaya, ba awo na ƙafa da ƙafa ba, don haka duk inda shinge ya saɓa wa taswira ka nuna wa lauya. Akwai gidajen da ba su taɓa shiga rajista ba saboda ba a sayar da su ba tun kafin 1990. Ba laifi ba ne, sai dai lauya zai bi tsofaffin takardu, aikin zai ɗan ja lokaci.

Hanyar ƙafa ta jama'a tana iya ratsa lambun, kuma ba ka da ikon toshe ta. Maƙwabci na iya samun haƙƙin wucewa da mota. Babbar bishiya tana iya kasancewa ƙarƙashin umarnin kariya, a yankin da aka keɓe kuma sai ka ba hukuma sanarwar mako shida kafin ka sare ko ka rage bishiyar da ta yi kauri. Akwai kuma wata ciyawa 'yar asalin Japan mai gaɓoɓi kamar gora, wadda bankuna ke gudu saboda wuyar kashewa. Takardar TA6 da mai sayarwa ke cikawa tana tambaya a kanta kai tsaye.

Sannan ka tambayi inda ruwan bayi ke zuwa. Ƙauyuka da yawa ba su da babban magudanar gwamnati, kowane gida da raminsa. Doka ta hana ramin salga ya riƙa zubar da ruwansa kai tsaye cikin rafi ko kwata, kuma wa'adin gyara irin waɗannan ya cika tun 1 ga Janairu 2020. Sauya shi aikin dubban fam ne. Ka sa a buɗe murfin a duba. Haka ma ɗumama gida: inda babu bututun gas, da mai ake yi, sai ka ga tankin da shekarunsa, ka kuma nemi takardun kuɗin makamashi na shekara guda cif.

Mataki na shida: safiyo da lauya

Kada ka dogara da wanda banki ya turo, shi darajar gidan kawai yake kimantawa don amfanin banki. Ka ɗauki naka safiyo mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyoyi, ka nemi bincike mataki na 3, wanda shi ne mafi zurfi, kuma ka tambaye shi kai tsaye gidaje nawa irin wannan ya taɓa dubawa. Wanda bai san tsohon gini ba zai dangwala wa bango na'urar awon danshi, ta yi ƙara, ya rubuta a kira kamfanin da ke yi wa bango allurar sinadari. Na'urar nan don katako aka yi ta, gishirin da ke cikin tsohon bango yana ruɗa ta. Gwani zai nemo inda ruwan ke fitowa ne. Ƙungiyar SPAB, wadda William Morris ya kafa a 1877 don kare tsofaffin gine-gine, tana ba da shawara kyauta ta waya, ka amfana da ita. A Devon da Cornwall ka sa a duba batun iskar radon da ke fitowa daga ƙasa.

Lauya shi ma ka zaɓi wanda ya saba da gidajen karkara. Zai yi binciken ƙaramar hukuma da na ruwa da na muhalli. Ka ce ya duba wani tsohon haƙƙi da ya ɗora wa wasu filaye nauyin gyara cocin ƙauye. Ba tatsuniya ba ce: a shari'ar Aston Cantlow da aka yanke a 2003, kotun ƙoli ta lokacin ta tabbatar da nauyin a kan masu wata gona, har daga baya suka sayar da ita don su biya. Tun Oktoban 2013 an taƙaita haɗarin, inshorarsa kuma ba ta da tsada.

Mataki na bakwai: lissafin kuɗi

Harajin sayen gida, SDLT, hawa-hawa yake. Tun 1 ga Afrilu 2025, fam 125,000 na farko babu haraji, daga nan zuwa 250,000 kashi 2 cikin ɗari, daga nan zuwa 925,000 kashi 5. Gidan fam 600,000 ke nan harajinsa fam 20,000 ne. Amma ga inda namu suke tuntuɓe. Idan kana da wani gidan zama a ko'ina a duniya da darajarsa ta kai fam 40,000, ko a Kano yake ko Abuja ko Yamai, kuma ba sayar da mazauninka ka yi don sayen wannan ba, ana ƙara kashi 5 a kan dukan farashin. Harajin ya koma fam 50,000. Kason gado ma yana iya shiga lissafi, don haka ka faɗa wa lauya komai. Wanda bai cika kwana 183 a Birtaniya cikin shekarar da ta gabaci sayen ba, an ƙara masa wani kashi 2, idan ƙarin kashi 5 ɗin ma ya hau kansa ya zama fam 62,000. Shi ƙaramin gidan ba ya jawo ƙarin kashi 5 matuƙar yana cikin harabar kuma babban gidan ya kai kashi biyu bisa uku na farashin. Rangwamen da ake yi a da ga mai sayen gida fiye da ɗaya a ciniki guda an soke shi tun 1 ga Yuni 2024.

Lauya zai nemi sanin asalin kowane fam. Kuɗin da ya fito daga gida, na sayar da fili ne ko gudummawar iyaye, ka tanadi takardunsa da bayanan banki tun da wuri. Mai gudun riba yana iya neman tsarin sayen gida na Musulunci, irin wanda Gatehouse Bank ke yi, sai dai ya tambaya tun farko ko suna karɓar ginin ƙasa ko rufin jinka ko fili mai gida biyu. Ka nemi farashin inshora kafin ka ƙulla, kuma a kan kuɗin sake gina gidan da irin kayansa na asali za a yi ta, wanda sau da yawa ya fi kuɗin sayensa.

Mataki na takwas: tayi, ƙulli da karɓar makulli

Ta hannun dillali ake tayi. Ko mai gida ya ce ya sallama, maganar ba ta ɗaure kowa ba tukuna. Yana iya karɓar tayin wani, kai ma kana iya janyewa ko ka nemi ragi idan rahoton safiyo ya fito da abin da ba ka sani ba. Ka nemi ragin da takardar kimar magini a hannu, ba da baki ba. Ka roƙi a cire gidan daga kasuwa. Takardar TA10 ita ke faɗin abin da za a bar maka, ka karanta ta har kan murhu da labule da ɗakin ajiyar lambu.

Ciniki yana ƙulluwa ne ranar da lauyoyi suka yi musayar yarjejeniya. A ranar kake biyan kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin ɗari, kuma idan ka fasa bayan nan ka rasa shi. Daga ranar inshorarka za ta fara aiki. Kafin ka tura ko sisi, ka kira ofishin lauya ta lambar da ka riga ka sani ka tabbatar da lambar asusu, domin 'yan damfara suna aiko da imel da sunan lauya dab da ranar biya. Ranar kammalawa sauran kuɗin ya tafi, ka karɓi makulli a wurin dillali, lauya ya biya harajin cikin kwana 14 ya kuma sa sunanka a rajista.

Bayan ka tare, in ba yoyo ko haɗari ba, ka bar gidan ya yi maka hunturu ɗaya kafin ka taɓa komai, ka ga inda sanyi ke shiga da inda danshi ke fitowa. Ka share indararo bayan ganye ya gama zuba. Idan ka tashi yin aiki, ka fara da jami'in kula da gine-ginen tarihi na ƙaramar hukumarku. Neman izinin kyauta ne, amsa kuma takan ɗauki wajen mako takwas. Aikin layim ba ya son ƙanƙara, daga bazara zuwa farkon kaka ake yin sa, kuma maginan da suka iya shi ba su da yawa, don haka tun cikin hunturu ake kama layi a wurinsu.